Kulocin Baba

Ranar da aka jawo motar burodin nan garejinmu da igiya, da na san abin da za ta jawo mana, wallahi da tun a bakin ƙofa na sa wuƙa na yanke igiyar. Inji ya buga. Direban motar, wani mai kunnen ƙashi, ya ga jar fitilar mai tana ci tun safe, ya ce ai ta saba yin haka, ya ci gaba da rabon burodinsa har inji ya yi wata ƙara ya tsaya cak a tsakiyar titi. Da muka buɗe shi babu abin tsinta a ciki, sai dai a kai wa masu awon ƙarfe.

Mu uku ne a garejin: Baba, da Yaya, da ni. Ni ne ƙarami, kuma duk da na ba arba'in baya, da 'ya'yana huɗu, har gobe Auta Baba yake kirana a gaban kowa. Shi ya kafa wurin tun ba rufin kwano, shi ya haƙa ramin da muke shiga ƙarƙashin mota da hannunsa. Shekara uku da suka wuce ya sakar wa Yaya komai, takardun wurin da magana da masu mota da sayen kaya. Abu ɗaya ne bai saki ba, kuloci. Duk motar da aka sauke wa giya a garejin nan Baba ne zai ɗaure mata kuloci, kuma in ya ɗaure ba mai bin bayansa ya duba. Haka muka taso muka tarar. Yana da wani guntun ƙarfe mai haƙora, sandar wata tsohuwar giya ce da ya yanke tun ban zo duniya ba. Da ita yake tsayar da faifan kuloci daidai tsakiya kafin ya ɗaure murfin da ke danne shi, don in an kawo giya sandarta ta shige ba gardama. Kullum tana aljihun rigar aikinsa, naɗe cikin tsumma. Ni kaina sau biyu na taɓa riƙe ta, kuma duka biyun faɗuwa ta yi na miƙa masa.

Abin da ke akwai, idon Baba ya fara tafiya, kuma ba ya so a faɗa. Watan da ya wuce ya juya wayoyin batir, ja a wurin baƙi, ya ƙona wa wani malamin makaranta abin cajin mota. Kafin nan ya zuba wa wata mota baƙin mai bai ga notin ƙasa a karkace yake ba, sai da muka bi sawun mai har bakin titi. Duka biyun na ce ni ne. Yaya bai yarda ba, amma bai tanka ba sai ranar da motar burodi ta shigo. Ya ja ni bayan tankin ruwa ya ce in saurara da kyau, shi ya gaji. Idan aka sake samun kuskure ɗaya daga hannun Baba, shi da bakinsa zai ce masa ya zauna a gida. In kuwa ina so ya ci gaba da zuwa, to in zama idonsa, in bi bayan duk abin da ya ɗaure.

Na ce masa wane gidan? Tun da Innarmu ta rasu me ya rage a gidan nan ban da rediyo da kujerar roba? Mutumin da kullum yake rigan mu zuwa ya share ƙofar gareji, shi za ka ce ya zauna yana kallon bango? Ko wata uku ba zai yi ba. Yaya ya ce shi dai ya faɗa mini. Na bar wurin ina huci, don in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa babban wa.

Mai motar wata mata ce da ke da gidan burodi bayan tashar bas, ta fi shekara ashirin tana kawo wa Baba gyara. Irin injinta ya yi wuya a kasuwa, sai aka haɗa mu da wani dillalin injuna da kowa ke kira Ba Matsala, don ko rigarsa ke ci da wuta abin da zai ce ke nan. Ya rantse ya maya cewa yana da injin ƙanen motar, kamfani ɗaya, ƙirar baya-bayan nan, ɗorawa kawai za mu yi mu ɗaure. Sau uku ina tambayarsa daga mota mai giyar hannu aka ciro shi? Ya ce ba matsala.

Inji ya iso, muka rataye shi a sarƙa. Na zagaya bayansa, sai ga wani siririn faranti kamar murfin tukunya a inda ya kamata in ga filawil, ƙaton ƙarfen nan mai nauyi da kuloci ke zama a jikinsa. Daga mota mai atomatik aka ciro shi. Nan take na ji kaina ya ɗau zafi. Muka ce to bari mu sa filawil ɗin tsohon injin. Namu huji shida, sabon inji takwas yake so. Na hau babur na tafi wurin Ba Matsala, na same shi a zaune kan taya yana sakace haƙori da tsinken ashana. Wai da na yi masa bayani tun farko. Ni! Ni da na tambaye shi sau uku! Na ce masa in bai fito mini da filawil ɗin injin nan da murfin kulocinsa ba, zan dawo masa da injin in ajiye a bakin shagonsa yadda ko kyanwa ba za ta samu hanyar shiga ba. Ya tashi a hankali, ya tono su daga ƙarƙashin tulin ƙarafa, yana cewa ai abin bai kai ga tashin hankali ba.

Bayan wannan sai ƙafafun inji suka ƙi zama a mazauninsu, kowace ta goce da kamar faɗin yatsa. Yini guda da rabi muka ɓata muna huda ƙarfe muna gwadawa muna saukewa. Kullum da hantsi mai burodi za ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hammata, ta ce shaguna sun fara karɓar burodin wani, in suka saba da shi ba za su dawo ba. Ba ta ɗaga murya, wanda hakan ya fi ci mini rai. Ta ajiye wa Baba burodi ɗaya mai zafi a kan benci ta tafi.

Rana ta uku inji ya zauna. Baba ya sauka rami ya ɗaure kuloci da tsohon faifan motar, ya fito, ni da Yaya muka shiga muka ɗago giya a kan jak. Muka tura, ta shiga, ta shiga, sai ta tsaya. Saura faɗin yatsa biyu tsakaninta da inji. Muka juya ta hagu, muka juya ta dama, muka girgiza, muka ɗaga gindinta, muka sauke. Yatsa biyun nan ko gezau. Gumi yana shiga mini ido, giya ta matse mini ɗan yatsa har farcen ya yi baƙi, sai na ji Yaya yana cewa in miƙo masa dogayen ƙusoshi, zai ɗaure su a hankali su jawo ta. Ashe Baba yana ji daga kan benci.

"Ba a jan giya da noti a garejin nan," ya ce. "In ta ƙi shiga, akwai abin da ta gani. Ku ja da ita baya."

Muka ja da ita baya. Ya sauko, ko tocila bai karɓa ba, ya zura yatsa ta tsakiyar faifan har cikin ramin da ke gindin inji, ya lumshe ido. Can ya ce akwai zobe a ciki. Wani ɗan zoben ƙarfe ne na atomatik da aka bari a wurin, shi ya tokare bakin sandar giya. Sandarsa shi ta siranta da tsufa, shi ya sa ta wuce bai ji komai ba ɗazu. Da Yaya ya ja da noti, da gidan giyar ya tsage gida biyu, kuma irinta ko da kuɗinka ba ka samu.

Ai kuwa na samu bakin magana. Na dubi Yaya na ce masa ga mutumin da za a zaunar a gida nan, yatsansa ɗaya ya fi idanunmu huɗu gani. A hankali na faɗa don kada Baba ya ji, amma da gayya na faɗa. Yaya ya goge hannu da tsumma ya fita bai kula ni ba.

Muka kwance kuloci, muka ciro zoben da ƙyar. Sai Baba ya shafa jikin filawil, ya shafa tsohon faifan, ya ce faifan ya yi wa wannan murfin ƙanƙanta, gefe kawai yake kamawa, ba zai yi wata biyu ba. Ana bukatar faifan sabon injin, amma mai haƙora irin na tsohuwar giyarmu, da ɗan boris da zai zauna inda muka cire zobe. Na sake komawa wurin Ba Matsala, da giyar ba za ta ɗauku a babur ba na ƙirga haƙoran sandarta na rubuta a tafin hannu, ashirin da ɗaya. Ya miƙo mini mai ashirin da uku yana cewa duk ɗaya ne. Na ƙirga masa a gabansa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabtansa suka fito kallo. Sai da na zazzage masa kwali bakwai a ƙasa kafin na samu wanda nake nema.

Na dawo da la'asar raina a jagule. Na buga boris a wurinsa, na miƙa wa Baba sabon faifai. A nan ne ya kamata in tsaya a kansa kamar yadda Yaya ya ce in riƙa yi. Amma mutumin da ɗazun nan ya gano zobe da yatsa, ni zan tsaya ina leƙa masa aiki kamar wani sabon shiga? Na hau sama na tsaya bakin ƙofa. Da na waiwayo sai na gan shi a bakin rami inda haske ke shigowa, ya ɗaga faifan kusa da fuskarsa, yana juya shi, yana nisanta shi, yana kusanto shi. Ya daɗe a haka. Na kawar da kai na koma kallon titi.

"Auta," ya ce.

Na amsa ban juyo ba. Can ya ce in bar shi kawai, in miƙo masa sifana mai lamba sha biyu. Na miƙa masa na koma inda nake.

Giya ta shige wannan karon, ta haɗe da inji ba ko rata. Washegari muka gama haɗa wayoyi da bututai da salansa, aka zuba mai aka zuba ruwa. Mai burodi ta zo da direbanta. Yaya ya murɗa makulli, inji ya tashi bugu ɗaya, yana kaɗawa lafiya lau. Matar ta yi murmushi karon farko a kwana huɗu. Yaya ya taka kuloci ya ja giya ta ɗaya, sai ƙarrr, ƙarfe yana cin ƙarfe. Ya saki ya sake takawa, ƙarrr. Ya gwada ta baya, ƙarar ta fi muni. In an kashe inji giya tana shiga sumul, in an tayar sai ta ƙi. Kuloci ba ya saki.

Na ce iska ce a cikin man kuloci. Muka fitar da iska har ƙafar Yaya ta gaji da takawa. Na ce ƙaramin famfon ƙasa ne ya mutu, muka canja, bai canja komai ba. Na ce na sama ne. Na zagi Ba Matsala, na zagi wanda ya ƙera injin, na zagi direban da ke tsaye yana ba mu shawara, shi da ya kashe inji da hannunsa har yana da bakin cewa ko a duba waya. Na ce masa in ya sake magana zan sa shi ya sha baƙin man da ya ƙi zubawa. Duk abin da ke jikin motar nan na ɗora wa laifi ban da abu ɗaya. Yaya yana kallona kawai. Da yamma ya ce gobe za a sauke giya.

Da safe muka shiga rami mu biyu, Baba yana kan benci a waje. Muka kwance, muka ja giya baya. Ni ne a gaba, ni na fara haska tocila, sai na ga cibiyar faifan ta yi ƙyalli a baki, wuyan giyar ma ya yi ƙyalli daidai inda suka haɗu. Na matsa na tare wurin da kafaɗa, na zare boris ɗin da ke tura kuloci daga wuyan giya, na juya shi a kunnena na ce wa Yaya ga ɓarawon nan, ya mutu, ya je ya samo sabo. Lafiyarsa ƙalau boris ɗin. Yaya ya juya shi a hannu, ya dube ni, ya dube shi, ya hau sama ya tayar da babur.

Yana fita na kwance murfin na zaro faifan. Kowane faifan kuloci yana da cibiya a tsakiya, gefe ɗaya ta fi tsawo. A duk motocin da Baba ya yi shekara arba'in da wani abu yana gyarawa, gefen da ya fi tsawon giya yake kallo. Hannunsa ya san haka ko cikin barci. To wannan sabon ƙirar a juye suka yi shi, dogon gefen inji yake kallo, kuma babu abin da zai gaya maka sai wani ɗan rubutu da suka buga a jikin ƙarfen, ƙanana kamar ƙwayar gero, da 'yar kibiya. Na goge da babban yatsa na karanta. Gefen da aka ce ya kalli inji, shi Baba ya juya wa giya. Doguwar cibiyar ta je ta tokare, faifan ya kasa motsi. Shi ne rubutun da yake ɗagawa a haske shekaranjiya.

Na ce ba komai, kafin Yaya ya je ya dawo na juya shi na ɗaure, a ce boris ne. Na manna faifan daidai, na ɗora murfi, na fara ɗaure ƙusoshi, sai faifan ya zame ƙasa. Na sassauta, na zura sukundireba na ɗago shi, ya goce hagu. Na naɗe ƙotar sifana da tsumma na cusa, ya goce dama. A nan wani baƙin ciki ya turnuƙe ni, don sai a lokacin na tuna cewa shekarata ashirin da biyar ina wannan sana'a, na sauke giya ta fi ɗari, amma ban taɓa ɗaure kuloci ko sau ɗaya ba. Abin da zai tsayar mini da faifan nan kuwa yana aljihun mutumin da nake so in ɓoye wa. Na yi jifa da sukundireba ta daki bangon rami.

Da na ɗaga kai sai ga takalman Baba a bakin rami.

"Wa ya ce ka taɓa mini kuloci?"

Na ce faifan ne ba shi da kyau, Ba Matsala ya cuce mu. Ya ce in miƙo. Na kwance na miƙa masa. Ya shafa gaba, ya shafa baya, ya sa farce a bakin cibiyar inda ta ci, ya tsaya a wurin. Ya ce faifai lafiyarsa lau, kuma shi tun daga benci yana jin ina ɗaurewa ina kwancewa, mai cire faifai mara kyau ba ya mayar da shi sau uku. Ya tambaye ni ta wane gefe nake ƙoƙarin mayar da shi. Na duƙa ina neman sukundirebar da na jefar. Ya sake tambaya.

"Akwai rubutu a jiki, Baba."

"Na ga kamar akwai. Me ya ce?"

Na gaya masa. Ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa suna reto a ciki, faifan a kan cinyarsa. Ya ce in kama yatsansa in ɗora a kan rubutun. Na kama na ɗora. Ya yi ta shafa wurin.

"Shekaranjiya na kira ka," ya ce.

"Na ji."

"Da ka juyo da na tambaye ka."

Na ce kunya ce ta hana ni, ban so ya ga kamar ina duba masa aiki. Ya ce shi ma ita ce ta hana shi. Wallahi ji na yi kamar in ɗauki guduma in farfasa motar nan tun daga fitila har salansa. Kalma uku ce fa. Da na taka taku biyar na karanta masa kalma uku, da yanzu motar tana rabon burodi, Yaya kuma ba shi da ta cewa.

Muna haka babur ya tsaya a ƙofa. Yaya ya shigo da kwalin boris a hannu, ya ga faifai a cinyar Baba, ya ga murfi a ƙasa. Ban bari ya buɗe baki ba. Na ce ni ne, bayan Baba ya ɗaure na bi baya na kwance don in duba kamar yadda shi Yayan ya ce in riƙa yi, wurin mayarwa na juya shi. Na ce in zagi ne ya zage ni, in kora ce ya kore ni. Har ina ɗaga murya, ina nuna shi da yatsa, ina cewa ai shi ya jawo da ya sa ni bin bayan mutane.

"Ƙarya yake yi," in ji Baba. "Bai iya ɗaurewa ba ma. Ni na juya shi. Wayar batir ma ni ne, notin mai ma ni ne."

Na juya ina jiran Yaya ya faɗi abin da ya ce zai faɗa da bakinsa, na riga na shirya amsar da zan ba shi, wadda bayanta ƙila ba za mu sake gaisawa ba. Sai ya tsaya da kwali a hannu. Ya dubi ƙasa, ya dubi rufi. Mutumin da ya cika baki bayan tankin ruwa, ga shi idonsa ya kawo ruwa kamar ƙaramin yaro. Wannan ma haushi ya ba ni, don na so ya yi magana in samu wanda zan yi faɗa da shi.

"Ba sai ka faɗa ba," Baba ya ce masa. "Tankin ruwan nan ba nisa gare shi da benci ba, kuma kunnena bai mutu ba."

Ya sauko ramin da baya, yana laluben matakala da ƙafa. Ya ce Yaya ya riƙe tocila. Ya zaro tsumman daga aljihu ya warware, ya kama hannuna ya danƙa mini sandar. Ya ce in manna faifan, rubutu yana kallon inji, in zura sandar ta cibiya har bakinta ya zauna cikin boris. Na zura, faifan ya tsaya cak a tsakiya. Ya ce in ɗora murfi, in kama ƙusoshi da hannu tukuna, sannan in riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan sai na gabansa, kada in bi su a jere. Bayan kowane zagaye ya ce in juya sandar in ji ko tana yawo. Hannunsa yana kan wuyan hannuna duk tsawon lokacin, yana jin yadda nake ja. Sau ɗaya ya ce na cika ƙarfi, ba da noti nake faɗa ba. Da na gama ya ce in zare. Ta fito sumul, ta koma sumul.

Na goge ta na naɗe a tsumman na miƙa masa. Ya riga ya juya yana hawa matakala. Na ce Baba ga sandarka. Ya ce in riƙe, hannunsa da maiƙo.

Giya ta shige tura ɗaya. Kafin azahar Yaya ya tayar da mota ya taka kuloci, giya ta ɗaya ta faɗa ba ko ƙara. Mai burodi ta yi ta godiya, ta leƙa benci tana neman Baba ta ce masa hannunsa dai har yanzu babu irinsa. Ya amsa mata da fara'a, ya karɓi burodinsa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon motar nan tana fita, tana canja giya lafiya lau har ta sha kwana, ban taɓa tsanar wata mota kamarta ba.

Washegari na zo na tarar da ƙofar gareji ba a share ba, ganye da ledoji sun taru a bakin rami. Yaya ya ɗauki tsintsiya yana yi kamar mai tsoron ƙasa. Na fizge daga hannunsa na share, ban ce masa ko ina kwana ba. Har yau ina jin haushinsa, ina jin haushin Ba Matsala da direban nan da duk wanda ya zauna a ofis ya ga dama ya juya cibiyar faifai ya rubuta da ƙananan baƙaƙe. Amma duk cikinsu babu wanda aka kira sunansa ya ci gaba da kallon titi sai ni.

Da rana na kasa haƙuri na hau babur na je gidan. Tun daga ƙofa nake jin rediyo. Yana zaune a kujerar roba a tsakar gida, sanye da rigar aikinsa, ya ɓalla maɓallanta har wuya, aljihun ya lotsa inda sandar take zama. Na gaishe shi na tsuguna. Ya tambaye ni ko motar burodi ta dawo. Na ce ba ta dawo ba. Ya tambaya me aka kawo yau. Na ce wata ƙaramar mota ce, kulocinta yana zamewa, gobe za mu sauke giya.

"To," ya ce. "Ka karanta rubutun."

Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.